Motar da Muka Kai Gaisuwa

Idan na ji masu surutu a rediyo suna cewa mu ko allura ba mu iya ƙerawa, kashe rediyon nake yi. Ba gardama nake da su ba, raina ne yake ɓaci. Yayana ya ƙera mota. Ba ta gwangwani irin ta wasan yara ba, mota mai taya huɗu da sitiyari da burki, wadda ta ɗauki marasa lafiya ta kai su asibiti. Uku ya ƙera cikin damina uku, daga nan aikin ya mutu. Ni na kashe shi da bakina da ɗan karatuna, kuma na daɗe ina neman wanda zan raba laifin da shi.

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye bayan Fakku, a ƙasar Kebbe. Mahaifinmu galma da lauje da gatari ya sani. Tun muna ƙanana ya raba mana aiki: ni aka kai boko saboda hannuna ba ya riƙe guduma, Yaya aka bar wa maƙera. Shi kuwa maƙerar ba ta ishe shi ba. Da ya yi aure sai ya koma Tambuwal, ya koyi walda da gyaran babura da injinan ban-ruwa, har ya kafa rumfarsa a bakin titi. Ni ma da na gama karatu can aka tura ni koyarwa, muka koma cin tuwo a kwano ɗaya kamar da. Bai taɓa kirana da sunana ba. Malam yake ce mini, da wata murya da ba ka gane girmamawa ce ko tsiya.

Matarsa ta tafi goyon ciki ƙauye, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Naƙuda ta zo mata da gardama a tsakiyar damina. Garinmu idan ruwa ya zauna mota ba ta shiga, babur kuwa ba ya ɗaukar wanda ba ya iya zama. Aka shimfiɗa ta a amalanken shanu aka nufi Kebbe. Ba ta kai ba, ita da abin da ke cikinta.

Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Amma bayan addu'ar arba'in na gan shi yana bin hanyar nan a ƙasa, da karan dawa a hannu, yana tafiya yana tsugunawa. Har mutane suka fara cewa mutuwar ta taɓa masa kai. Ashe awo yake yi. Hanyarmu sawu biyu ce da tayoyin amalanke suka haƙa, ga tudu a tsakiya. Babbar mota idan ta shiga, cikinta ne yake hawa tudun, ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Ya auna tsakanin sawun biyu, ya auna tsayin tudun, ya yanke karan daidai, ya kawo shi Tambuwal ya rataye a rumfa.

Ya ce mini, "Malam, waɗanda sunka ƙera manyan motocin ga ba su taɓa ganin hanyarmu ba. Shanu sun riga sun yi muna titi, mu munka ƙi auna shi."

Motar farko da ya ƙera abin dariya ce, kuma an yi dariyar. Injin ban-ruwa ya ɗora mata, ba ta da giyar baya, idan za a juya ta sai ƙarti biyu sun ɗaga gindinta. Ƙararta kuwa tana tashin jaki daga barci. Ya shafe ta da fenti ruwan toka, tabon walda ya fito mata ɗigo-ɗigo, ga ihu, ga gudu cikin daji. 'Yan tasha suka sa mata suna Zabuwa, sunan ya bi duk waɗanda suka biyo bayanta. Ya wargaza ta da hannunsa ya tayar da ta biyu. Wannan wani mai albasa daga Dogon Daji ya karɓe ta, Yaya ya gaya masa mutum take ɗauka ba kaya ba, shi kuwa ya labta mata buhuna har ƙashin bayanta ya karye a kasuwa ta biyu. Ya dawo yana zagi, wai an sayar masa da keken guragu.

Ta uku ita ce mota. Bijimai biyun da Yaya ya gada daga mahaifinmu su ya sayar ya zuba a cikinta. Ya yi kwana da kwanaki yana yawo a Sakkwato kafin ya sami injin wani babur mai ƙafa uku da ya yi haɗari, jikin ya lalace amma injin lafiya lau. Ya ɗaga cikinta sama da tudun hanya, ya buɗa tayoyinta daidai karan nan. Kujera ɗaya ce a gaba, ta direba. Bayanta kuwa katako ne shimfiɗaɗɗe, tsawon mutum a kwance, da ɗan wurin da mai jinya zai zauna ya riƙe kansa, da rumfar tamfol. Wata huɗu yana gyara sarƙa da haƙoran ƙarfe, ya goge nan ya ƙara can, har ta koyi hawa yashi ba ta tsaya ba. Duk wannan a kansa yake da yatsunsa. Ni mai biro a aljihu, ina zaune a benci kullum bayan an tashi makaranta, ban taɓa tunanin in ɗauki takarda in rubuta ko awo ɗaya ba. Abin da na yi shi ne allo: na rubuta masa sunan kamfani da jan fenti, har da Turanci a ƙasa.

Damina guda ta yi tana aiki. Yaya ya koma ƙauye da ita a watannin ruwa, duk wanda ciwo ya kayar a ƙauyukan bayan Fakku shi ake aiko wa. Tafiyar da amalanke ke yi daga hantsi zuwa la'asar, Zabuwa tana yin ta kafin shayi ya huce a tasha. Akwai yara a yankinmu yau da suke gudu a kan ƙafafunsu saboda uwayensu sun kwanta a kan katakon nan. Wasu manoma biyu daga Sanyinna suka zo takanas suka zagaya ta, suka ce idan kaka ta yi kowannensu yana son tasa.

A nan ne na shigo da hikimata. Yaya yana kukan rashin kayan aiki. Kowane ƙarfe da zarto da hannu yake yanka shi, haƙori ɗaya yana cin yini. Akwai injin da ke yanka ƙarfe ya goge shi a ɗan lokaci, amma ba irinmu ke sayensa ba. Akwai kuma wani Alhaji ɗan yankinmu da ya yi arziki a kwangila, yana da katafaren gida a Tambuwal, yana zuwa idan zaɓe ya matso. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ina tsoronsa ba yanzu, sai don sunan bai cancanci tawadata ba.

A wurinmu talaka ba ya zuwa gaban babba ya ce a ba ni. Gaisuwa yake kaiwa, zakara ko damin gero ko rago, babban kuma ya mayar da abin da ya fi, don girmansa a nan yake. Ina yaro mahaifinmu ya ƙera linzami mai ado ya kai wa maigari, ya dawo yana jan maraƙi, da idona na gani. Sai na zauna na yi lissafin 'yan makaranta: idan linzami ya jawo maraƙi, mota me za ta jawo?

Na ce, "Yaya, mu kai wa Alhaji Zabuwa gaisuwa. Haka munka gada. In ya gan ta ƙofa tai, wallahi sai ya gina maka gidan ƙera."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce, "In mun kai ta, da mi za ni auna ta fuɗu? Ita ta takardata, Malam."

"Wa ka batun awo in an ba ka inji? Goma za ka yi cikin wata guda."

"Damina fa? In wani ya kwanta?"

Na ce kafin damina an gama komai. Na yi ta zuba, na kawo misalin ƙasashen da na karanta a littafi, inda masu kuɗi ke ɗaga masu hikima. Mako uku ina bin sa da wannan magana, a rumfa, a kan kwano, a hanyar masallaci. Shi mutum ne mai jin kunyar karatu, yana ganin duk wanda ya riƙe alli ya san abin da bai sani ba. Rannan ya ce, "To, kai ka da ilimi."

Ranar Juma'a ce bayan an sauko. Ya wanke ta da sabulu har tayoyi, ya sake mata mai, ya ɗaura sabuwar tabarma a katakon baya. Shi ya tuƙa, ni ina zaune a wurin mai jinya da babbar rigata, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ni na ƙera. Alhaji ya fito da jama'arsa. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ya yi dariya har hularsa ta karkace, jama'arsa ma suka yi dariya daidai gwargwadon tasa. Aka ɗauke shi hoto yana riƙe da sitiyari. Ya ce wannan abin alfahari ne ga yankinmu baki ɗaya.

Yaya ya tsuguna ya miƙa makulli da hannu biyu. "Gaisuwa ta, ranka shi daɗe. Taka ta."

Alhaji ya ce, "Na karɓa. Allah shi yi albarka. Za ku ji daga gare ni."

Aka shiga gida aka fito da tukwici: babbar riga ta shadda da hula, a cikin leda. Muka yi godiya, muka tako a ƙasa zuwa rumfa. Yaya yana rungume da ledar, yana waiwaye har muka sha kwana. Ni kuwa ina gaya masa rigar somin-taɓi ce, babban abu yana tafe.

Ba abin da ya taho. Mako ya zama wata. Idan mun je a ce Alhaji ya yi tafiya, ko yana ganawa, ko yanzu ya kwanta. Muka san kowane dutse a ƙofar gidan nan, muka san lokacin da inuwar katanga ke juyawa. Ta cikin ƙofar ƙarfe muna hango Zabuwa. Da farko 'ya'yan gidan ne ke zagaya tsakar gida da ita suna ihu, suna murza ta a giya ɗaya har tana hayaƙi. Yaya yana jin kukan injin yana runtse ido. Ba a yi wata biyu ba sarƙar ta tsinke. Aka tura ta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wani ya kwance tayoyin ya kai wa amalankensa, aka ɗora ta a kan duwatsu huɗu. Zaɓe ya zo ya wuce, Alhaji ya koma birni.

Manoman Sanyinna suka dawo bayan kaka kamar yadda suka ce. Suka tarar da rumfa da allo mai jan fenti, ba mota. Suka tambayi inda take, aka gaya musu, suka kalli juna suka yi sallama. Yaya ya yi ƙoƙarin tayar da ta huɗu. Karan yana nan, don haka faɗinta ya fito daidai, amma sauran duk suna jikin wadda ke kan duwatsu. Ba bijimai, ba inji. Ƙashin jikin da ya haɗa mata ya yi wata shida a rumfa yana tsatsa, daga baya ya yanka shi ya yi wa wani mai shago ƙyaure.

Na ce masa mu je mu roƙi a ba mu ita aro, ko awo ne mu ɗauka. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinmu.

"Abin da anka kai gaisuwa ba a bin sawu nai, Malam. Kana so a ce ɗiyan maƙera sun ba da kyauta sun koma amsa?"

Na je ni kaɗai, ban gaya masa ba. Ranar na yi sa'a Alhaji yana gari, aka shigar da ni falo. Tun daga gida na tsara maganata, har da inda zan ɗaga murya. Da na ji sanyin ɗakin na ga mutane zube a ƙasa, sai gwiwata ta nemi ƙasa da kanta. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na yi masa addu'ar ƙarin girma, na fito. Ni da ke tsawata wa yara saba'in a aji ba na ƙifta ido. Wannan abu har yau idan na tuna ina jin kunyarsa a cikin ƙashina.

Yaya ya rufe rumfa ya koma ƙauye, ya hura wutar maƙerar mahaifinmu. Galma da lauje, kamar ba a taɓa yin komai ba. Ya sake aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Idan na je hutu yakan tambaye ni labarin Tambuwal, ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce, "Tana nan?" In ce tana nan. Rigar shaddar tana ƙasan akwatinsa da ninkinta na kanti, ko Sallah bai taɓa sa ta ba.

Damina ta huɗu bayan gaisuwar, ina gida hutu, kububuwa ta sare shi a gona da hantsi yana maimai. Aka yi na gida, aka ɗaure, aka shafa, aka ba shi ya sha. Kafin azahar jini ya fara fita ta dasashinsa, ƙafar ta kumbura har cinya. An kwana ana ruwa, hanya ta cika. Aka ɗora shi a babur ya zame, ba ya iya zama. Wani maƙwabcinmu mai shanu ya ɗaura bijimansa, muka shimfiɗa tabarma a amalanke, muka kama hanyar Kebbe. Ina tafe a gefe ina riƙe masa zane don rana.

Ban san abin da ya fi tafiyar shanu cin rai ba idan kana da mara lafiya. Ka daka musu tsawa su yi taku uku da sauri su koma yadda suke. Tayoyin suna bin sawun nan biyu, suna nutsewa suna fitowa. Yaya ya juyar da kansa yana kallon ƙasa ta gefen amalanken.

Ya ce, "Malam, dubi sawun ga. Ko yatsa guda ban kuskure ba."

Na ce ya yi shiru ya adana ƙarfinsa. Muka wuce wata tsamiya da ke rabin hanya, rana ta riga ta karkata. Ya ce da Zabuwa ce da tuni an yi masa allura har ya sha kunu. Ba da ɗaci ya faɗa ba, lissafi kawai yake yi irin na mai sana'a. A nan na kasa riƙe kaina, na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ni nis sa ka."

"Ni nit tuƙa ta har ƙofa tai, ba kai ba." Ya huta, ya haɗiye abin da ke bakinsa. "In ka koma Tambuwal, ka ce musu su rufe ta da leda. Ruwa na shiga ta bakin salansa, shina ɓata inji."

Ita ce magana ta ƙarshe da na fahimta daga bakinsa, ban da salati. Muna hango rufin kwanon Kebbe mai shanun ya tsayar da bijimansa, ya dube ni, ya cire hularsa. Muka juya amalanken a kan sawun da muka zo.

Bayan addu'ar bakwai na koma Tambuwal. Na shiga kasuwa na sayi leda mai kauri, yadi huɗu, na naɗe ta a hammata na nufi gidan Alhaji. Na san abin ba shi da amfani, amma saƙon mamaci ne. An buɗe ƙofa ana shiga ana fita, don wani zaɓen ya matso, an sake wa katanga fenti. Na wuce kai tsaye ƙarƙashin dogon yaron. Duwatsu huɗu na tarar, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu har gwiwa. Maigadi ya ce ai tun kafin ruwan fari masu sayen tsohon ƙarfe suka zo, aka ɗora ta a sikeli, yaran gida suka raba abin da aka samu. Wato duk daminar nan da Yaya ke tambayata ina ce masa tana nan, ba ta nan, ni ne na daina leƙawa.

Na ce sai na ga Alhaji. Wannan karon, na gaya wa kaina, ko za a ɗaure ni sai na faɗa. Aka shigar da ni falon nan mai sanyi. Na ce ni ƙanen maƙerin nan ne da ya kawo masa mota, Allah ya yi masa rasuwa.

Alhaji ya ce, "Wace mota?"

Wani daga cikin na zaune ya matsa ya tuna masa, wai abin wasan yaran nan mai ƙara. Alhaji ya girgiza kai. Ya ce, "Ayya! Allah shi jiƙan shi. Mutum mai hikima. Irinsu ƙasar ga ka buƙata." Ya ɗaga hannu, aka shiga ciki aka fito da babbar riga ta shadda da hula a cikin leda, aka ce ta ta'aziyya ce.

Na tsuguna na sa hannu biyu na karɓa. Na ji bakina yana cewa na gode, ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma. Sai da na fito bakin titi na ga ledar da na saya tana nan a hammatata, ko kwance ta ban yi ba.